Kundin aikin neman rijiyoyin da gari zai dogara da su

7 ga Afrilu

An miƙo mana aikin a rubuce. Majalisar gari na son ƙarin ruwan famfo ga unguwannin da bututu bai kai ba, kuma daga ƙarƙashin ƙasa ake so a samo shi, domin kogin da ake ja daga gare shi yana janyewa sosai da rani. Namu shi ne mu ce ga inda za a haƙa, ga zurfin da za a kai, ga kuma iyakar abin da za a riƙa ja kullum ba tare da an kashe rijiyar ba.

Kafin a taɓa ƙasa sai da muka zauna kan lissafin buƙata. Mutanen da za a kai wa ruwan sun kai 18,000. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa, lita 20 ga mutum ɗaya a rana ita ce ta rufin asiri kawai, lita 50 matsakaiciya, lita 100 kuwa wadata ce ga gidan da famfo ya shiga har ciki. Mun tsaya a kan lita 60, wato mita kubik 1,080 a rana. Muka ƙara kashi 25 cikin ɗari saboda yoyon bututu, don babu layin ruwan da ba ya zubar da wani abu a hanya, ya zama 1,350. Idan famfo zai yi aikin awa 16 a rana, ana buƙatar kusan lita 23 a kowace daƙiƙa. Da wannan lambar za mu auna duk wurin da muka gwada.

10 ga Afrilu

Aikin tebur. Taswirar duwatsu ta nuna garin yana zaune a kan iyaka: yamma tsohon dutse ne mai tauri, gabas kuma shimfiɗun dutsen yashi da yumɓu, sai kogi da ya bi ta kudu ya zuba yashinsa da tsakuwarsa. Wato ruwa iri uku ake iya samu a nan, kowanne da halinsa.

Bayanan tsofaffin rijiyoyin burtsatse sun ba ni takaici. Yawancinsu zurfi kawai aka rubuta, babu bayanin ƙasar da aka ratsa, babu inda aka tarar da ruwa, babu sakamakon gwaji. Duk mai haƙa da ya tafi bai bar wannan bayanin ba ya tilasta wa na bayansa sake biyan kuɗin ilimin da an riga an biya.

15 ga Afrilu

Muna zagaya rijiyoyin hannu da na burtsatse da ke cikin gari da kewayensa, muna zura igiyar awo mai ƙararrawa, muna rubuta zurfin ruwa da tsayin bakin kowace rijiya. Yanzu ne lokacin da ya dace, ƙarshen rani, ruwa na can ƙasa iyakar saukarsa. Da muka ɗora awon a kan taswira sai ya nuna ruwan ƙasa marar zurfi yana gangarawa daga tsakiyar gari zuwa kogi. Na ja layi a ƙarƙashin wannan, domin duk abin da gari ya zubar a ƙasa can ya nufa.

Mun kuma sa alama a kan masai, ramukan dagwalo, juji, garken dabbobi, wuraren sayar da mai da gonakin da ake zuba wa takin zamani.

18 ga Afrilu

Wurare uku muka fitar: bakin kogi a kudu, gindin tudu a yamma inda hoton tauraron ɗan'adam ya nuna wani dogon layi mai kama da tsagewar dutse, da wani fili a gabas. Na gindin tudu shi ya fi jan hankalin kwamitin majalisa, don da an sami ruwa a can sai a kafa tanki a kan tudun, ruwa ya gangaro gari da kansa, a rage kuɗin wuta na shekara da shekaru.

24 ga Afrilu

Awon ƙasa da lantarki. Ana kafa turakun ƙarfe huɗu a jere, a tura wuta ta biyun waje, a auna abin da ya iso na tsakiya. Duk sa'ad da aka ƙara nisanta na wajen, wutar tana ƙara nutsewa ƙasa, ta haka ake sanin yadda kowace shimfiɗa take turje wa lantarki. Tsarin da muka bi shi ne wanda ake kira da sunan Conrad Schlumberger, Bafaranshen da ya fara irin wannan gwaji a 1912.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne na'urar ba ta ganin ruwa, turjiya take aunawa. Dutse mai tauri da bai fashe ba turjiyarsa takan haura om-mita 1,000 (om-mita shi ne ma'aunin turjiya). Yashi mai ruwan daɗi yakan faɗo tsakanin 'yan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa. Yumɓu da ruwan gishiri kuwa ƙasa suke sosai. Matsalar tana wurin da lambobin suka haɗe, inda ruɓaɓɓen dutse mai ruwa da yumɓu mai danshi suke ba da kusan amsa ɗaya.

Haka gindin tudu ya yi mana: daga mita 20 zuwa 45 turjiya ta sauka zuwa wajen 15 zuwa 20. Na rubuta wa kwamiti cewa yana iya zama ruwa, yana iya zama yumɓu, kuma bakin injin haƙa ne kaɗai zai raba gardama. Bakin kogi ya nuna yashi mai kauri har wajen mita 20. Filin gabas ya nuna shimfiɗa mai ƙarancin turjiya a sama, da wata mai matsakaiciyar turjiya daga wajen mita 60 zuwa ƙasa, wadda nake kyautata zaton dutsen yashi ce mai ruwa.

Awon lantarkin gaba ɗaya bai kai kuɗin haƙa rabin rijiya ɗaya ba.

2 ga Mayu

Kwamiti ya amince a haƙa rijiyar gwaji a duka ukun, a fara da gindin tudu. Yarjejeniyar ɗan kwangila mita-mita ce, ko an sami ruwa ko ba a samu ba, kuma na dage a kan haka. Idan aka ce sai an ga ruwa za a biya, mai haƙa zai tsaya a ruwan farko da ya gani, ya ce an gama. Mu kuwa bayanin ƙasar muke saye. Sharaɗi na biyu: a ɗebi samfurin abin da ke fitowa a kowace mita, a jera, a sa lamba.

6 ga Mayu

Gindin tudu. Da guduma mai aiki da iska ake haƙawa. Ƙasar sama, jar ƙasa, sannan daga mita 19 wani abu fari-fari mai laushi ya fara fitowa. Shugaban masu haƙa, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, ya murza shi a tafin hannu ya ce, "Injiniya, wannan yumɓu ne. Danshi gare shi, amma ba zai ba ka ruwa ba." Na ce, "Gaskiya ne, Malam, amma mu ratsa shi mu ga abin da ke ƙarƙashi." A irin wannan ƙasa, inda ake sa ran ruwa shi ne can gindin ruɓaɓɓen dutsen, wurin da ya farfashe bai riga ya zama yumɓu ba, da kuma tsagogin da ke cikin dutsen kansa.

8 ga Mayu

A mita 46 mun shiga farfasasshen dutse, amma kaurinsa bai fi mita uku ba. Ɗan ruwa ya ɓullo. Daga nan sai dutse mai tauri, ƙura kawai ke tashi, babu tsaga ko ɗaya mai ruwa har mita 72, inda na ce a tsaya. Da aka hura iska aka auna, abin da ke fitowa bai wuce lita 0.4 a daƙiƙa ba. Ya ishi famfon hannu ɗaya, amma a gaban lita 23 ba komai ba ne.

Layin da aka gani daga sama tsagewa ce ta gaske, sai dai yumɓun da dutsen ya rikiɗe ya koma shi ya cike ta. Wannan rijiya ta ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin binciken. Na ba da shawarar a sa mata bututu da siminti yadda ya kamata a ɗora famfon hannu. Idan ba za a yi haka ba, to a cike ta da siminti daga ƙasa har sama. Ramin da aka bari a buɗe hanya ce miƙaƙƙiya da ƙazantar sama za ta bi ta shiga ruwan ƙasa.

12 ga Mayu

Jigilar kaya zuwa bakin kogi. Mota ta kafe a yashi, rana ta tafi a banza.

15 ga Mayu

Bakin kogi an gama cikin sauƙi. Yashi da tsakuwa tun daga mita 2 har 22, sannan yumɓu. Ruwa yana tsaye a mita 4. Da aka hura iska ruwa ya yi ta ambaliya, kusan lita 30 a daƙiƙa, mutane suka taru suna kallo. Kafin yamma labari ya kai majalisa cewa an sami ruwa, rijiya ɗaya ta wadatar.

Ni dai hankalina na kan samfuran ƙasar. Daga doron ƙasa har cikin ruwan babu wata shimfiɗar yumɓu ko ta rabin mita. Yadda yashin yake sakin ruwa da sauƙi, haka yake karɓar duk abin da aka zuba masa daga sama. Masai mafi kusa yana da nisan mita 60, kuma ta ɓangaren da ruwan ke gangarowa yake. Mun ɗebi ruwa a kwalaben da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, muka sa cikin akwatin ƙanƙara, aka kai ɗakin gwaje-gwaje a ranar, domin samfurin ƙwayoyin cuta idan ya wuce awa 24 sakamakonsa ba abin dogaro ba ne.

21 ga Mayu

Sakamako ya dawo. Sinadarin naitiret miligiram 68 a lita, alhali iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya 50 ce. An sa wannan iyaka ne musamman saboda jariran da ake haɗa wa madara da ruwan, domin naitiret yana hana jininsu ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, har fata ta yi shuɗi-shuɗi. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwa ne ke ƙonewa. Kulorin, maganin da ake sa wa ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, shi ma ba ya taɓa shi. Ba a ga E. coli, ƙwayar cutar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, a wannan samfurin ba, amma an ɗebe shi ne ƙasa na bushe. Za mu sake ɗiba bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi.

Na yi lissafin saurin tafiyar ruwan da ƙa'idar Henry Darcy, injiniyan da ya wallafa ta a 1856 cikin rahotonsa kan ruwan birnin Dijon na Faransa. Idan yashin yana iya wuce da ruwa mita 40 a rana, gangaren ruwan lokacin da famfo ke ja ɗaya cikin ɗari ne, gurbin da ruwa ke bi kuma kashi 20 cikin ɗari na yashin, ruwan zai riƙa tafiyar mita 2 a rana. Daga masan zuwa rijiya wata ɗaya ke nan. A Jamus da Ingila ana zana wa rijiyar jama'a da'irar kariya a kan tafiyar kwana 50, don a ba ƙwayoyin cuta lokacin mutuwa kafin su iso. A nan da'irar za ta kai mita 100, kuma gidaje da yawa suna cikinta.

23 ga Mayu

An fara filin gabas. Nan da laka ake haƙawa: bakin injin na juyawa, ana tura lakar ta cikin sanduna, ta dawo sama ɗauke da ɓarɓashi, tana kuma riƙe bangon ramin kada ya zube.

27 ga Mayu

Daga mita 18 muna cikin yumɓu mai toka-toka, mai danƙo, yana liƙe wa bakin injin. Tafiya a hankali. Masu haƙa na gunaguni, ni kuwa kowace mitar yumɓun nan daɗi take mini, don ita ce murfin da bakin kogi ya rasa.

30 ga Mayu

Yumɓu ya ƙare a mita 62, muka shiga dutsen yashi mai laushi. A mita 88 sai lakar ta daina dawowa sama, ramin laka yana ta raguwa a gaban idonmu. Mun shiga wata shimfiɗa mai manyan gurabe da ke shanye ta. Ta wata fuskar albishir ne, domin inda ya sha laka haka zai ba da ruwa. Amma da lakar ta sauka a cikin ramin sai bango ya rasa abin da ke tokare shi, yashi ya rufto ya danne sandunan. Ba sama, ba ƙasa.

Dattijon bai yarda a fizga da ƙarfi ba, ya ce da an fizga sanda za ta tsinke a bar bakin injin a ciki, rijiya ta mutu ke nan. Aka haɗa sabuwar laka mai kauri, aka riƙa turawa a hankali ana ɗan juya sandunan, har dare ya raba kafin suka motsa. An fitar da komai lafiya, sai dai ramin ya cike da yashi har mita 70, dole a sake bin sa. Yarjejeniya ta ɗora wa ɗan kwangila lokacin da aka ɓata, mu kuma kuɗin ƙarin garin laka. Abin da ya fi damuna shi ne lakar da ta shige cikin shimfiɗar. Duk sai an fito da ita, in ba haka ba za ta toshe hanyar da ruwa zai bi.

3 ga Yuni

An yi ruwan sama mai yawa daren shekaranjiya. Mun sake ɗibar samfuri a bakin kogi.

5 ga Yuni

Filin gabas ya kai mita 140, dutsen yashin ya ƙare a 128. Mun zura na'urar da ke auna hasken gama da ke fita daga ƙasa, wanda yakan yi yawa a yumɓu ya ragu a yashi. Ta nuna ƙananan jijiyoyin yumɓu biyu a cikin dutsen yashin, waɗanda samfuran hannu ba su nuna sosai ba. Bututu mai tsaga-tsaga za a sa shi daidai yashi mai tsabta kawai, tsakanin mita 70 da 124, a tsallake jijiyoyin. Na lissafa tsawonsa yadda saurin shigar ruwa ta tsagogin ba zai wuce santimita 3 a daƙiƙa ba, don kada ya riƙa janyo yashi.

7 ga Yuni

Samfurin bakin kogi na biyu ya nuna E. coli. Ƙa'ida ita ce kada a same ta ko ɗaya a mililita 100.

Zaman kwamiti ya yi zafi. Shugaban ya ce mutane sun ga ruwa da idonsu, kuma ai za a sa kulorin. Na ce, "Ranka ya daɗe, kulorin na aiki ranar da na'urarsa ke lafiya kuma mai kula da ita yana wurin. Rijiyar nan kuwa kullum za a sha ta, har ranar da na'urar ta tsaya." Na ba su labarin Walkerton a Kanada. A watan Mayun 2000, bayan ruwan sama mai ƙarfi, ƙwayoyin cuta daga kashin shanun wata gona suka shiga wata rijiyar garin marar zurfi, kulorin da ake sawa bai kai yadda ya kamata ba, mutum bakwai suka rasu, fiye da 2,000 suka kwanta. Tun 1854 ma likita John Snow ya danganta kwalarar da ta ɓarke a wata unguwar Landan da rijiyar titin Broad, daga baya aka gano ramin ƙazanta dab da ita. Kuma ko kulorin bai taɓa yankewa ba, naitiret yana nan.

Ban ce a yar da wurin ba. Ruwa ne mai yawa, kuma idan aka kawar da masan, aka killace filin, ana iya gauraya kashi ɗaya nasa da kashi uku na ruwa mai tsabta naitiret ya sauko ƙasa da iyaka sosai. Wannan aiki ne na gaba, da kuɗinsa daban. An tashi a kan a jira sakamakon gabas.

11 ga Yuni

An sa bututu, an zuba tsakuwa a kewayen mai tsagogin, an ɗora toshiyar yumɓu a kanta, sannan siminti daga cikin shimfiɗar yumɓun har doron ƙasa. Na tsaya a kan zubin simintin da kaina. Idan aka bar gurbi a bayan bututu, mun huda murfin da hannunmu.

Ruwa ya tsaya a mita 31, alhali a mita 62 aka same shi. Ya hau mita 31 da kansa, alamar yana matse a ƙarƙashin yumɓun.

14 ga Yuni

Wankin rijiya da iska, ana hurawa ana saki. Da farko laka zalla, sannan ruwa mai yashi. Ɗan kwangila ya so a tsaya da ruwan ya yi fari, na ce sai an tara a bokiti ba a ga yashi ya kwanta ba. A gefe kuma an haƙa siririyar rijiyar sa ido a nisan mita 50, don auna saukar ruwa lokacin da ake ja.

19 ga Yuni

Gwajin hawa-hawa, awa biyu kowane mataki. A lita 6 a daƙiƙa ruwa ya sauka mita 7.7, a lita 10 ya sauka 14, a lita 14 ya sauka 21.3, a lita 18 kuwa 29.5. Ninka ja sau uku ya ninka saukar kusan sau huɗu, domin wani ɓangare na asarar a bakin rijiyar yake faruwa, inda ruwa ke cunkoson shiga, kuma wannan ɓangaren yana ƙaruwa fiye da yadda ake ƙara ja. Iyakar da muke da ita mita 31 ce, don ba na so ruwa ya sauka ƙasa da gindin yumɓun. Lita 18 ta fita daga lissafi. Dogon gwaji a lita 14 za a yi.

22 ga Yuni

Dogon gwaji ya lalace. A awa ta 19 janareto ya mutu, matatar mai ce ta toshe. Kafin a gyara ruwa ya riga ya hau da yawa. Wasu sun ce a tayar a ci gaba daga inda aka tsaya, amma lissafin ya ginu ne a kan ja iri ɗaya ba yankewa. Sai an bar ruwan ya koma mazauninsa a fara daga farko. Asarar mai da kwanan ma'aikata. Na sa a kawo janareto na biyu a ajiye a gefe.

29 ga Yuni

An kammala awa 72 ba tsayawa. Hanyar karanta irin wannan gwaji daga Charles Theis ta samo asali a 1935, Cooper da Jacob suka sauƙaƙa ta a 1946: idan aka zana saukar ruwa a kan lokacin da ake ninkawa goma-goma, layi miƙaƙƙe ake samu, daga gangarensa a san ƙarfin shimfiɗar. Namu ya riƙa sauka mita 2.2 a kowane ninki goma, wanda ya ba da ƙarfin wuce da ruwa na kusan murabba'in mita 100 a rana. Matsakaici ne, ba laifi.

Sai a wajen awa ta 30 layin ya karye, gangarensa ya kusa ninkawa biyu. Rijiyar sa ido ma ta nuna haka, saboda haka ba laifin famfo ba ne. Ma'anarsa ita ce da'irar da ruwa ke sauka a cikinta ta faɗaɗa har ta ci karo da bangon da ba ya ba da ruwa. Lissafi ya sa shi a nisan mita 400 zuwa 500, wanda ya yi daidai da inda taswira ta nuna dutsen yashin ya haɗu da dutse mai tauri ta yamma. Da gwajin awa 24 aka yi, kamar yadda ake yawan yi don rage kuɗi, da ba wanda ya ga wannan, da an sayi babban famfo an sa.

A ƙarshen gwaji saukar ta kai mita 25.6. Idan aka miƙa sabon layin zuwa shekara guda ana ja ba hutawa, za ta kusa mita 35, ta wuce iyaka. A lita 10 kuwa tana tsayawa wajen mita 24. Bayan kashe famfo da awa 24, saura mita 2.4 ruwa ya koma inda yake.

4 ga Yuli

Sakamakon ruwan gabas, wanda aka ɗiba a ƙarshen dogon gwaji. Babu E. coli. Naitiret miligiram 3 a lita. Fuloraid, sinadarin da ke ɓata haƙora in ya yi yawa, 0.6, iyaka 1.5. Arsenik, wanda guba ne, ƙasa da miligiram 0.01, kuma shi na fi jira. Ruwan da ke matse ƙarƙashin yumɓu ba shi da iska, a irin wannan yanayi ƙarfe ke narkewa, wani lokaci ya saki arsenik tare da shi. A Bangaladash an haƙa rijiyoyi masu ɗimbin yawa don guje wa ruwan tafki mai cuta, ruwansu garau, ba a tabbatar da arsenik a cikinsu ba sai 1993, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. Ba shi da launi ko ɗanɗano, sai an neme shi da gangan.

Ƙarfe ne ya yi yawa, miligiram 1.4. Daga 0.3 yake fara ɓata tufafi da ɗanɗano. Ruwan na fitowa fari, in ya jima a buɗe sai ya yi ja. A wannan matakin ba cuta ba ce, amma na ɗauke shi da muhimmanci, don mutanen da aka kai wa jan ruwa za su koma rijiyoyin unguwa masu fari da ƙazanta. Maganinsa a watsa ruwan ya sha iska, a tace da yashi. Ruwan yana da ɗan tsami kuma, awonsa 6.2 a ma'aunin tsami na pH, inda 7 ce tsaka-tsaki, zai ci bututun ƙarfe na gama-gari, don haka na roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa za a sa.

9 ga Yuli

Rubutun rahoto. Ƙarin awon lantarki a gabas da rijiyar gwaji.

15 ga Yuli

Na gabatar wa kwamiti shawara: rijiyoyi uku a filin gabas, kowace lita 8 a daƙiƙa, awa 16 a rana. Ta gwajin za ta zama ta farko, sauran biyun a jera su gabas, nesa da bangon dutsen, da tazarar aƙalla mita 400 a tsakani. Ko da wannan tazarar kowace za ta sauke wa maƙwabciyarta ruwa da mita uku zuwa biyar a tsawon shekara, shi ya sa ban tsaya a lita 10 ba. Ya fi rijiyar bakin kogi tsada nesa ba kusa ba, ga ƙarin bututu, ga matatar ƙarfe, kuma na faɗa musu haka ƙarara. Sun amince da haƙa ta biyu, ta uku sai an ga gwajin ta biyun.

Tambayar da gwajin awa 72 ba ya amsawa ita ce nawa ke shiga shimfiɗar a shekara. Ruwan sama ba ya ratsa yumɓun, daga can gabas inda dutsen yashin ya fito fili yake shigowa. Idan ana ja fiye da abin da ke shiga, ruwa zai yi ta sauka shekara bayan shekara, kuma yumɓu mai kauri irin wannan yakan matse idan ƙarfin ruwan da ke ƙarƙashinsa ya ragu. Ta haka wani yanki na kwarin San Joaquin a Amurka ya nutse da kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977. Namu jan bai kama ƙafar nasu ba, amma awon ba shi da tsada, a fara tun yau.

18 ga Yuli

An sa na'urar da ke rubuta tsayin ruwa kowace awa a rijiyar sa ido, za ta zauna aƙalla shekara guda, damina da rani. An kulle rijiyar bakin kogi da murfin ƙarfe, za a riƙa ɗibar samfuri duk wata uku don bin naitiret. An amince da famfon hannu a gindin tudu, bayan an gwada ruwansa, musamman fuloraid, wanda yakan yi yawa a irin wancan dutse.

Abin da ke gaba: neman izinin filin rijiya ta biyu da killace shi, wasiƙa ga majalisa kan hana juji da ramukan dagwalo a yankin da dutsen yashin ya fito fili, da gyara yarjejeniyar haƙa a sa ajiyar garin laka a wurin aiki kafin a kai mita 80. Injin zai dawo farkon wata idan hanya ta bushe.